Wuyan Verlyn da Makullin Motarsa

Ƙanena Verlyn yana da shekara saba'in da huɗu, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce wani abu yana masa ciwo ba. Ranar da injin girbin masara ya tafi da kan yatsansa, sai da ya kai ƙarshen kunyar gonar sannan ya shigo gida yana tambayar ko akwai tsumma. A garinmu Skarvold, can arewacin Iowa, wannan ba jarumta ba ce, tarbiyya ce. In an ce maka ya jiki, ka ce da sauƙi, ko da likita na tsaye a kanka da almakashi. Wai wannan halin ne ya sa kakanninmu suka jure sanyin ƙasar nan. Ni dai shekara talatin da takwas na yi ina koyar da tarihi, ban ci karo da inda shiru ya ɗumama kowa ba.

Hatsarin ya faru wata Talata cikin Oktoba, da hantsi, a mararrabar da ke gaban gidan waya. Doka ta ce wanda ya fara isowa shi zai fara wucewa. A Skarvold kuwa wanda ya fara wucewa shi ne marar kunya. Verlyn ya iso a cikin a-kori-kurarsa, mai motar madara ya iso ta damansa. Verlyn ya ɗaga hannu, bismillah. Mai madara ya ɗaga nasa, a'a, kai dai. Sau uku suna wannan karamci. Daga ƙarshe Verlyn ya saki birki, ya ga mai madara ma ya motsa, sai ya sake takawa da ƙarfi. Lavonne Dvorak, wadda ke bayansa da kwanon taliya da nama a kujerar gefe za ta kai gidan makoki, ta buga masa ta baya.

Ɗan sandan da ya zo, Duane, tsohon ɗalibina ne, shi ya ba ni labarin abin da ya tarar.

"Laifina ne, Verlyn," in ji Lavonne. "Hankalina na kan kwanon."

"Ina! Ni na tsaya tsakiyar hanya kamar jaki ya ga rafi."

"Kai Duane, rubuta ni."

"Kada ka kuskura. Ni za ka rubuta."

Duane ya ce tun da ya sa kaki bai taɓa raba faɗan da kowa ke neman a kama shi ba. Ya rubuta Lavonne, don ita ce a baya. Ya tambaya ko wani ya ji rauni. Verlyn ya ce ko ƙwarzane. Duane ya rubuta wannan ma.

Ranar Juma'a Verlyn ya zo cin abincin rana gidana kamar yadda ya saba. Ina tsaye a bayansa wajen murhu na tambaye shi ko zai ƙara dankali. Maimakon ya waiwayo, sai ya juyo gaba ɗayansa, har da kujerar, kamar ƙyauren gareji.

"Me ya sami wuyanka?"

"Wane wuya?"

"Guda nawa gare ka?"

"Matashin kai ne, Malama. Ya tsufa." Malama yake kirana in yana so in yi shiru, tun muna yara.

Na san abin da yake ɓoyewa, na kuma san wa yake ɓoye wa. Tun da matarsa Ione ta rasu, 'yarsa tilo, Marit, wadda ke aikin jinya a Des Moines, take lallashinsa ya koma gidajen tsofaffi da ke kusa da ita. Ya ƙi. Suka yi yarjejeniya a gabana: ranar da ya kasa waiwayawa ya ga abin da ke bayan motarsa, ranar za ta karɓi makulli. Gidan Verlyn kuwa mil bakwai ne daga gari, babu bas, babu maƙwabci sai masara. In makulli ya tafi, gidan ya tafi.

Na ja shi asibiti da ƙyar. Ma'aikaciyar jinya ta nuna masa katin nan mai fuskoki goma, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ta ce ya zaɓi wadda ta yi kama da ciwonsa. Ya daɗe yana dubawa kamar mai zaɓen iri.

"Biyu," ya ce.

Likita ta ɗan taɓa gefen wuyan, sai ga Verlyn ya yi fari fat ya kama bakin gadon.

"Wannan ne biyun?" ta ce.

"To, biyu da rabi."

Ta ce jijiyoyi ne suka ja. Yana buƙatar gashin wuya a asibiti sau biyu a mako har mako takwas, in ba haka ba wuyan na iya ƙagewa ya zauna a haka. Kuɗin gashin ya fi ƙarfin aljihun tsohon manomi, amma ba shi ya kamata ya biya ba, kamfanin inshorar Lavonne ne. Ai don irin wannan rana take ba su kuɗinta shekara da shekaru. Na cika takardun neman diyya da hannuna, ya sa hannu yana kallon bango.

Kafin Lahadi kowa ya ji. Bayan sujada, a ɗakin ƙasa na coci inda ake shan kofi, sai na tarar ashe lauyoyi ne muke zaune da su ban sani ba.

"Kada ya sake ya yi wa Lavonne magana."

"Kada ya ci abincinta, Ardis. In ya ci, ya yafe ke nan, haka aka yi wa surukina."

"Tayin farko ba a karɓa. Ko nawa ne."

"Ku kira lauyan nan na allon babbar hanya, wanda ya naɗe hannun riga yana nuna mutane da yatsa."

Na tambaye su wa ya taɓa neman diyya a cikinsu. Babu ko ɗaya. Duk a bakin suruki suka ji. Maganar abinci kuwa an makara, don a lokacin Lavonne ta kai masa kwano goma sha ɗaya, yana cinyewa yana wankewa yana mayar mata da tuffa a ciki, don a wurinmu kwano ba ya komawa wayam.

Duk da haka na kira ofishin mai allon, don kada a ce na raina shawara. Wata mai zaƙin murya ta ce ya sayi abin tallafe wuya ya riƙa yawo da shi, kuma duk wanda ya tambaye shi ciwon ya ce tara ne cikin goma. Na faɗa wa Verlyn.

"Tara?" ya ce. "In na ce tara yau, ranar da zan mutu me zan ce?"

A nan maganar lauya ta ƙare.

Sai jami'ar kamfanin inshora ta kira. Sunanta Shawna Pruitt. Ina zaune a gefensa, na sa ya buɗe muryar wayar. Ta ce za ta naɗi hirar, ya ce babu laifi, shi dai ba ya so ya ɓata mata lokaci.

"Yallaɓai, ya jikin?"

"Da sauƙi."

Na taka masa ƙafa.

"Akwai abin da kake yi da, wanda yanzu ba ka iyawa?"

"To, ba na iya rawa. Amma da ma can ban iya ba."

"Barci fa? Kana samu?"

"Ai 'yata, akwai waɗanda ba su da ko gadon."

Daga nan ya tambaye ta ko an yi ruwa a wajensu, suka yi hirar masara, ya yi mata godiya ya kashe. Bayan kwana goma wasiƙa ta zo. Kamfanin ya yi murna ƙwarai da jin cewa lafiyarsa ƙalau. Sun duba rahoton ɗan sanda, babu rauni. Sun duba na asibiti, biyu. Sun saurari bakinsa, da sauƙi. Za su gyara masa bayan mota, amma ba su ga dalilin gashi ba.

Ban ga laifinsu ba. Mutum ya yi shaida a kan kansa har sau uku.

Na tuƙa har gidansa na ajiye masa wasiƙar a kan tebur.

"Ka kyauta. Kai ne mutum na farko da ya yi shari'a da kansa kuma ya ci."

Ya juya kofinsa a hannu. Ya ce, "Marit na ganin duk takardun asibitina, ni na sa sunanta. In na ce yana ciwo, ta karɓi makulli. In na yi shiru wuyan ya ƙage, ta karɓi makulli. To gara in yi shiru. Aƙalla ban yi kuka ba."

"Wa ya ce faɗin gaskiya kuka ne?"

"Baba."

"Baba ya mutu da haƙori uku a bakinsa don ya ƙi cewa suna masa ciwo."

Washegari na kira Shawna da kaina. Yarinyar tana da hankali. Ta ce ba za ta iya rubuta abin da bai faɗa ba, amma in zai riƙa rubuta yadda ciwon yake kullum a littafi, za ta sake dubawa. Na yi dariya har ta tambaye ni ko lafiya. Verlyn ya rubuta ciwo? Amma ina ajiye wayar sai na tuna yana da littafi. Duk shekara kamfanin iri na raba wa manoma ɗan littafin aljihu, kuma tun kafin a haifi Marit, Verlyn yake rubuta layi biyu a ciki kowace rana: yanayin gari, da aikin da ya yi. Suna jere a kan kanta a ɗakin girki. Na je gidansa, ban nemi izini ba. Yana waje wajen kaji na sauko da na bara da na bana, na zauna na karanta watan Nuwamba na kowanne. Da na gama na mayar da su.

An ce kada ka shiga tsakanin uba da 'yarsa. Wanda ya faɗi haka ba shi da ƙane. Na kira Marit na ce ta zo ranar Asabar. Na kira Shawna, wadda da ma za ta zo duba bayan motar, na ce Asabar ta yi.

Da Verlyn ya ga motoci biyu sun shigo gidansa, ya dube ni da jikinsa duka.

"Malama, kin sayar da ni."

"Da araha ma. Sa kofi."

Muka zauna mu huɗu a teburin ɗakin girki. Marit ba ta ko cire rigar sanyinta ba. Tana kallon yadda ubanta ke zuba kofi ba ya duba ƙasa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Ci biskit."

Na ɗauko littattafan biyu. Ya ce a'a, ba abin karanta wa baƙi ba ne. Na ce ai yanayin gari ne kawai, ko akwai sirri a cikin iska? Na buɗe na bara.

"Biyu ga Nuwamba. Sanyi. Na kwashe ganye daga indararon coci. Uku ga wata. Iska. Na faskara itace, na kai wa Ardis rabi. Huɗu. Hadari. Na ja motar Duane daga rami. Biyar, Lahadi. Rana. Coci. Na je wajen Ione."

Na buɗe na bana.

"Biyu ga Nuwamba. Sanyi. Uku ga wata. Sanyi. Huɗu. Iska. Biyar. Iska. Shida. Lavonne ta kawo kaza."

Shawna ta miƙo hannu, na ba ta. Ta riƙa juya shafuka, tana komawa baya kafin ranar hatsarin, tana dawowa. Kafin Talatar nan, babu ranar da ba ta da aiki. Bayanta, sai sanyi da iska da kwanukan Lavonne.

"Itacen bana fa, yallaɓai?" ta ce.

"Bai bushe ba."

"Indararon coci?"

"Ganyen bai gama zuba ba."

Marit ce ta karɓi littafin daga hannunta. Ba aikin ta duba ba, Lahadi ta riƙa nema. Ta sa yatsa tana bi, ɗaya, biyu, har biyar.

"Baba. Lahadi biyar ba ka je kabarin Mama ba."

Ta juya masa littafin ya gani, ta ci gaba.

"Ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, da tarakta ka je."

Ya dubi kofinsa, ko in ce ya dubi inda idonsa zai iya kaiwa. "Layin maƙabartar nan siriri ne," ya ce. "Babu wurin juyawa. Ba a fita sai da ribas, ga duwatsun mutane dama da hagu. Ba na so in hau kan kowa."

Shawna ta ajiye biro. Ni na tashi na duba murhun da babu komai a kai.

"Yana ciwo," in ji Verlyn. Ya faɗa kamar mai amsa laifin sata. "Ba na barci sai a kujera. Shida."

"'Yata, ki ƙara uku," na ce wa Shawna. "Ma'aunin garin nan ba irin naku ba ne."

"Abin da ya faɗa zan rubuta, Mama," ta ce. "Shidansa da littafin nan sun isa. Kakana ma haka yake, sai da ya faɗi a gona muka san yana da ciwon zuciya." Ta ɗauki hoton shafukan, ta ce za ta nemi likitar ta sake rubuto rahoto.

Da ta tafi, Marit ta miƙa tafin hannu a kan tebur. Verlyn ya laluba aljihu ya ajiye mata makullin, da ɗan ƙarfen buɗe kwalba da ke maƙale da shi.

"Mako takwas," ta ce. "Ka je gashin nan duka, ba fashi, ba cewa da sauƙi. In ka gama zan zo in gwada ka da kaina. In ka ci, ga makullinka. In ka faɗi, Baba, ɗakin nan na kusa da ni yana da taga mai kyau."

"Tana kallon me?"

"Wajen ajiye motoci."

"Allah ya kyauta."

Kamfanin ya amince cikin mako biyu. Tayin farko ne, muka karɓa, don ya biya gashin kuma abin da muke nema ke nan. A ɗakin ƙasa na coci an yi ta girgiza kai, wai mun yi asara. Ni idona ba ya son tuƙin hunturu, saboda haka Lavonne ce ta riƙa kai shi Talata da Alhamis, a cikin motar da ta buge shi. Mai gashin wata ƙatuwar mata ce da ba ta jin da sauƙi. In ya ce biyu, sai ta ƙara danna wurin ta ce, "Yanzu fa?" A mako na uku ya koyi ƙirga har bakwai.

Ranar gwaji ta faɗo wata Asabar cikin Janairu, rana tarwai, sanyi kamar ya tsinke kunne. Marit ta sa shi ya shiga a-kori-kurar ya ɗaura bel. Ta lulluɓe madubin ciki da safar hannu, ta lanƙwashe na gefe biyun. Ita za ta tsaya a baya ta ɗaga yatsu, shi zai waiwaya ya faɗi ko nawa ne, kafaɗarsa ba ta bar kujera ba.

Ni aka ce in tsaya a gaba in ga ko ya yi maguɗi. Daga inda nake ina hango hannun Marit sarai. Ta ɗaga uku.

Shekara talatin da takwas ina kama masu satar amsa, ban taɓa yafe wa ko ɗaya ba. Na dubi ƙanena ta gilashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na dubi gidan, da kantar littattafan da ake hangowa ta taga. Sai na ji hancina yana ƙaiƙayi. Na sosa shi sau uku, a hankali, yadda ko makaho zai gani.

Verlyn ya kalle ni. Sannan ya ja numfashi ya fara juya wuya. Kaɗan-kaɗan ya tafi, kamar murfin kwalbar da ta shekara a rufe. Ya wuce kafaɗa. Ya tsaya. Na ga ya cije baki ya ƙara.

"Huɗu!" ya ɗaga murya. "Huɗu, da zoben uwarki a na tsakiya. Kuma Gwaggonki ba ta iya ƙirga ba, uku ta nuna min."

Na leƙa. Ashe ina can ina sosa hanci, ja'irar ta ƙara yatsa.

"Gwaggo Ardis!" in ji Marit. "Ke?"

"Sanyi ne. Yana sa ƙaiƙayi."

Ta zagayo wajen tagarsa, idonta ya yi ja, ta ce iska ce. Ta tambaye shi ko ya yi ciwo da ya juya.

"Ya yi," ya ce. "Uku. Na gaske."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ciro makullin daga aljihu ta miƙa masa ta taga, ta ce duk wata shida za ta dawo da yatsunta, kuma nan gaba ba za a gayyaci Gwaggo ba. Ya tayar da motar, ya bar ta ta yi zafi yadda ya saba, ya cire safar daga madubi ya miƙa mata.

"Ku matsa," ya ce. "Zan yi baya."